Kula da Yaron da Aka Sa wa Siminti a Ƙafa

Ina gaida na cikin garin Dutse, daga Garu da Limawa zuwa Takur da Fagoji, ina kuma miƙa gaisuwa ga na Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram. Mai daka ta ɗan ajiye taɓarya, mai saƙar hula ta matso da rediyo kusa, domin maganar yau ta 'ya'yanmu ce.

Wata baiwar Allah ce daga wani ƙauye a ƙasar Kiyawa ta aiko mana da saƙo ta wayar ƙaninta. Ta ce ta haifi ɗanta da ƙafafu biyu a murɗe, tafin ƙafar yana kallon ciki. An yi ta sa masa siminti a asibiti mako-mako, yanzu kuma an yi masa ɗan ƙaramin aiki a bayan diddige, an mayar da simintin, an ce sai bayan mako uku su koma. Maigidanta ya tafi ci-rani, yaro yana ta kuka, surukarta kuwa ta ce a jiƙa abin nan a kwance shi, azaba ce kawai ake gana wa jinjiri. Ita kuma ga ta a kulle, ba ta san abin da ya kamata ta duba ba, ba ta kuma san lokacin da ya wajaba ta fita ba. To 'yar uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Amsarki ce za mu bayar yau, sauran mata kuma su ƙaru.

Da farko dai mu san ciwon. A cikin kowace haihuwa 1,000 akan sami kamar jariri ɗaya da ke zuwa da irin wannan ƙafa. Maza sun fi mata samunta, kusan ninki biyu, kuma rabin yaran ƙafa biyu ce takan murɗe. Tun a ciki ne jijiyoyin ƙafar suke takurewa su ja ƙasusuwan gefe guda. Ba aikin kishiya ba ne, ba shafar aljanu ba ne, ba kuma wani abu uwa ta ci ko ta tsallaka ba. Saboda haka ki daina zargin kanki, kada kuma ki yarda a ɗora wa wata laifi a cikin gida. Jariri ba ya jin zafin wannan ƙafa. Wahalar tana zuwa ne in an bar shi ya girma a haka, ya soma taka gefen ƙafa ko bayanta, ga kanta, ga gyambo, takalmi ma ba ya shiga.

Hanyar gyaran da asibitoci ke bi yanzu wani likita ne mai suna Ignacio Ponseti ya fito da ita. Haifaffen ƙasar Sifen ne, ya yi aikinsa a Jami'ar Iowa ta Amurka, ya rasu a 2009 yana da shekara 95. Shi ne ya lura cewa ƙafar jariri tana da taushi, in ana juya ta a hankali da hannu ana ɗaure ta da siminti za ta miƙe ba sai an yi babbar tiyata ba. Abin da Bahaushe ya ce ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk mako ana cire simintin, a ƙara juya ƙafar kaɗan, a sa sabo, yawanci sau biyar zuwa takwas. Daga nan, ga mafi yawan yara, sai a yi ɗan aiki a jijiyar agara, wato babbar jijiyar nan ta bayan diddige, a ɗan yanke ta don ƙafar ta iya ɗagowa sama. Ramin ɗan mitsitsi ne, jijiyar kuma da kanta take sake haɗewa da tsawon da ya dace a cikin simintin ƙarshe na mako uku. Shi ya sa in aka kwance wannan simintin kafin lokaci an ɓata aikin. In aka bi hanyar nan yadda ya kamata, sama da yara 90 cikin 100 suna samun ƙafa miƙaƙƙiya. Yaron da aka makara kai shi, ko wanda ƙafarsa ta yi tauri ƙwarai, shi ne akan yi wa babban aiki, kuma nasa simintin yakan kai mako shida ko fiye. Kulawar dai iri ɗaya ce.

Wasu iyaye kan ce, ciwo a tafin ƙafa, me ya kai siminti har cinya? Dalili shi ne, in gajere ne yaro zai yi ta harbe-harbe ya zame shi, kuma ba zai riƙe ƙafar a inda aka juya ta ba. Shi ya sa ake lanƙwasa gwiwa a kai shi har matsematsi, a bar yatsu a waje.

To kin ji an bar yatsu a waje ko? Nan ne babbar maganarmu ta yau. Likita sau ɗaya yake ganin ƙafar nan a mako, wani lokaci sau ɗaya a mako uku. Ke ce kike tare da ita dare da rana. Ba ki ganin abin da ke cikin siminti, amma yatsun nan biyar su ne za su ba ki labari. Ga yadda za ki yi. Ki fito da yaron wurin haske, bakin ƙofa ko tsakar gida, in da dare ne ki haska fitilar waya. Ki matsa farcen babban yatsa a hankali, za ki ga ya yi fari. Ki saki. In jini yana gudu daidai, kafin ki ƙirga ɗaya, biyu, uku, jan ya dawo. Ki taɓa yatsun ki ji da ɗumi. Ki ɗan sosa su ki ga yana motsa su. Ki kuma ƙirga su, ki tabbata biyar ɗin duk kina ganinsu kamar yadda kika gan su ranar da aka sa.

A ranar da aka sa sabon siminti, ki yi wannan dubawa duk bayan awa ɗaya har awa shida. Bayan nan a ƙalla sau huɗu a yini. Hanya mafi sauƙi ita ce ki haɗa shi da salla: duk sanda kika idar, kafin ki tashi zuwa wani aiki, ki duba yatsun yaro. Kin ga sau biyar ke nan, ba mantuwa. Kuma don Allah kada a sa wa yatsun lalle a wannan lokaci, ko da biki ake yi a gidan, domin lalle zai rufe launin da kike son gani.

Ƙirga yatsu da na ce yana da dalili. Wani lokaci siminti yakan zame ƙasa, ƙafar ta shige ciki, sai ki ga yatsun da jiya suke waje yau sun noƙe kamar kan kunkuru. In haka ta faru, ƙafar ta bar mazauninta, simintin yana danna inda bai kamata ba, zai iya yi mata gyambo ko ya ƙara murɗe ta. Kada ki ja yatsun, kada ki tura simintin sama. A koma asibiti a ranar. Mai waya mai hoto ta ɗauki hoton yatsun tun ranar farko, don ta riƙa gwadawa.

Yanzu kwana biyun farko. Siminti yakan kama cikin mintoci kaɗan, amma ba ya bushewa sarai sai bayan yini ɗaya zuwa biyu. Kafin nan ki tallafe shi da tafin hannu, ban da kan yatsu, kada ya lotsa. Kada ki ɗora shi a kan daɓe ko gefen gado. In kin kwantar da yaro rigingine, ki naɗe zani ko tawul ki sa a ƙarƙashin ƙwaurinsa, ƙafar ta ɗan ɗaga, diddigen yana lilo bai taɓa katifa ba. Wannan yana rage kumburi, yana kuma hana gyambon diddige. Ki bar iska ta busar da shi. Kada ki kanga shi a wuta, kada ki shanya yaro a rana.

Bayan aikin agara za ki iya ganin ɗan tabon jini ya fito a bayan diddigen simintin, kamar faɗin kwabo. Wannan ba abin tsoro ba ne. Ki ɗauki biro ki zagaye tabon. In bayan ɗan lokaci kin ga ya tsallake zanen yana ta faɗi, to jini bai tsaya ba, sai asibiti. Kuka kuwa a daren farko da na biyu dole ne, ƙafar da ya saba harbawa ce aka ɗaure. Ki yawaita ba shi nono, ki rungume shi. In likita ya rubuta farasitamol na ruwa, ki ba shi daidai awon da aka nuna miki, ban da ƙari. Kada a sayo masa maganin barci a kemis, kada a ɗura masa jiƙo don ya yi shiru, domin kukan nan wani lokaci shi ne yake gaya miki akwai matsala. Kukan rashin sabo yana lafawa da nono da lallashi. Kukan matsewar siminti ba ya lafawa, ƙaruwa yake yi.

Sai maganar ruwa, wanda shi ne babban abokin gabar siminti. In ya jiƙe yakan yi laushi ya daina riƙe ƙafa, audugar ciki kuma ta riƙe danshi ta cinye fata. Don haka wankan cikin baho ya tsaya sai ranar da aka cire. Ki shimfiɗa yaron a kan tawul, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ki matse, ki goge masa fuska da wuya da hammata da ciki da baya da gaba, ki tsane. Kakar yaro za ta ce ai jaririn da ba a yi masa wanka da ruwan zafi ba ba ya ƙwari. Ki ba ta haƙuri da ladabi, ki ce Inna, na 'yan makonni ne.

Fitsari da kashi su ne suka fi wuya, tunda bakin simintin yana dab da wurin. Ko nafkin kike sa masa ko famfas, ki tabbata bakin simintin yana waje, kada ki cusa shi ciki, ki kuma riƙa canzawa da zarar ya ɓata. In za ki yi masa tsarki, kada ki ɗaga ƙafafunsa sama ki kwara ruwa da buta, ruwan zai gangara cikin simintin. Ki goge da jiƙaƙƙen tsumma daga gaba zuwa baya. In kashi ya taɓa simintin, ki goge da tsumma mai ɗan danshi ki bari ya sha iska. Kina iya rufe simintin da leda na ɗan lokacin tsarki ko in za ku fita ana yayyafi, amma ki cire nan da nan, domin leda tana tara gumi. In yaro ya kamu da gudawa, ki soma ba shi ruwan gishiri da sukari, ki ci gaba da nono, a kai shi asibiti, a kuma nuna musu simintin.

Ƙaiƙayi zai zo, musamman a bazara da zafin nan namu na Jigawa. Uwa mai tausayi sai ta ɗauko tsinken tsintsiya ko allurar saƙa ta zura ta sosa masa. Wallahi kada ki yi. Fatar ciki ta yi laushi, ƙwarzane kaɗan ya isa ya zama gyambon da ba wanda zai gani sai ya yi wari. Haka nan ban da zuba hoda, ban da man kaɗanya ko man zafi, ban da zare audugar da ta leƙo. Ki zaunar da shi a inuwa, ki yi masa fifita da mafici ta bakin simintin. A lokacin hunturu kuma ki sa masa safa mai faɗi a kan yatsun, wadda za ki iya zarewa ki duba. Kada ki kusantar da ƙafar ga kaskon wuta, siminti yana ɗaukar zafi ya riƙe, ya ƙone yaro ba ki sani ba.

Ki lura da tsakar gida. Yaron da ya soma zama ko rarrafe a shimfiɗa masa tabarma, kada a ajiye shi a kan rairayi ko kusa da inda ake sussuka da shiƙa, domin tsakuwa da ƙwayar gero da cinnaka duk suna shiga. Doguwar safa ko wando mai faɗi yana rufe bakin simintin. Ki ja kunnen yayyensa, domin yara sukan tura dutse ko kwabo ko ƙashin dabino a ciki da sunan wasa. Kuma kada a bari ya tsaya ko ya taka a kan simintin sai in likita ne ya ce.

Goyo fa? Bayan simintin ya bushe kina iya goya shi, ƙafa ɗaya ta kowane gefe, amma ki bar yatsun a waje, kada majanyi ya danne bakin simintin a cinya, kada kuma ki daɗe ƙafafun suna reto, sukan kumbura. Wajen ɗaukarsa ki sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu da cinyoyi. Kada a ɗaga shi ta ƙafa, kada kuma a bar wa ƙaramar yarinya goyonsa, don ya ƙara nauyi.

Yanzu ki buɗe kunne da kyau, ga alamomin da in kin ga ko ɗaya daga cikinsu ba a kwana, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Yatsu sun yi fari fat, ko shuɗi, ko baƙi-baƙi. Sun yi sanyi, kin rufe su kin ɗaga ƙafar amma ba su yi ɗumi ba. Sun kumbura sun cika bakin simintin. Ya daina motsa su. Sun shige ciki. Yana kuka ba ƙaƙƙautawa, ya ƙi nono. Jikinsa ya yi zafi. Wari na fitowa daga ciki, ko ruwa ko mugunya ta ɓullo. Simintin ya tsage, ya karye, ko ya jiƙe ya yi laushi. Bakinsa ya yanki fata. Ukun farko su ne mafi gaggawa, domin ƙafar da jini bai isa gare ta ba cikin 'yan awoyi take lalacewa, ko tsakar dare ne a tafi asibiti mafi kusa.

To a nan ne maganar ta zo kan mu matan kulle. Sau da yawa uwa ta ga alamar, ta kuma gane, amma maigida yana kasuwar Shuwarin ko yana gona ko ya yi tafiya, waya ba ta shiga, ita kuma ba za ta fita ba da izini ba. Maganin wannan shi ne a gama magana tun kafin matsala ta zo. Tun daren da kuka dawo daga asibiti, in ya ci abinci ya huta, ki ce masa: Malam, likita ya ce in yatsun yaron nan suka canza ba a jira. Ina neman izininka tun yanzu, in haka ta faru ba ka nan, in tafi da shi, wa kake so ya raka ni? A tsayar da mutum ɗaya, wansa ko ƙaninsa ko mahaifiyarsa. A ajiye kuɗin mota a wuri guda da ba a taɓawa. A rubuta lambar wayar asibitin da ta mai mota ko mai babur a jikin katin. Ki kuma tambayi ma'aikatan tun kuna can: in dare ya yi ƙafa ta matse, mu kuma muna nesa, me zan yi? Wasu asibitocin sukan koya wa iyaye yadda ake jiƙa siminti a warware shi in ta ɓaci. In an koya miki, sai ki bi yadda aka ce, ki kuma kai shi da gaggawa. In ba a koya miki ba, kada ki sa wuƙa ko reza.

Magidanta, na san wasunku suna jin mu daga zaure. Ku yi wa Allah ku ba da wannan izini. Ku kuma tsaya wa matanku in dangi sun taso da maganar a kwance a kai wa mai ɗori. Wannan ƙafa ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ne, ɗauri da karare da matsa da ƙarfi ba ya gyara ta, sai dai ya jawo kumburi da rauni.

Ranar komawa asibiti kuwa kada ta wuce, ko da ta faɗo ranar kasuwa ko ranar suna. Jariri yana girma kullum, siminti ba ya girma. Kada kuma ki cire shi tun daren jiya don ki yi masa wanka, ƙafar takan soma komawa cikin 'yan awoyi. Ki tafi da tawul da sabulu, a can za ki wanke ƙafar kafin a sa sabo. Ki riƙe katin rigakafi ma, domin alluran mako 6 da 10 da 14 a cinya ake yin su. Ki gaya wa ma'aikata su daidaita muku rana, kada siminti ya sa yaro ya rasa rigakafinsa.

Ranar da aka cire na ƙarshe za ki ga ƙafar ta ɗan rame, fata tana saɓa. Ki wanke da ruwan ɗumi, ki shafa mai, kada ki ɓare. Amma fa aiki bai ƙare ba. Za a ba ki wasu takalma biyu da sandar ƙarfe ta haɗa su. Wata uku na farko yaro zai sa su awa 23 a yini, awa ɗaya ta wanka ce. Bayan nan sai da dare da lokacin barcin rana, har ya kai shekara huɗu zuwa biyar. A nan ne iyaye da yawa suke sakaci, su ga ƙafa ta miƙe su jefa takalmin ƙarƙashin gado. Mafi yawan yaran da aka daina sa wa takalmin da wuri ƙafarsu takan sake murɗewa, a koma siminti daga farko. Takalmin zai hana ki goyo yadda kika saba, zai sa yaro kuka na 'yan kwanaki, amma ki daure. Ki sa masa safa, ki tabbata diddigen ya zauna ƙasa sosai, in ya matse ki kai a canza.

Wadda kuma ta haihu kwanan nan ta ga ƙafar jaririnta a haka, ko ungozomar da ta karɓi haihuwar, kada a lulluɓe a ɓoye don kunyar 'yan barka. An fi son a soma gyara a mako na farko ko na biyu, ba sai an yi arba'in ba. In mai jego ba za ta iya fita ba, kaka ko gwaggo ta raka uban su kai shi. Ku fara da asibitin da ke kusa, ku nemi ganin likitan ƙashi, ko a Babban Asibitin Dutse, ko Asibitin Rasheed Shekoni, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, su za su duba su nuna muku inda za a yi aikin. Akwai kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda tun 1959 yake aikin ƙashi. Wanda ɗansa ya riga ya soma tafiya a kan murɗaɗɗiyar ƙafa ma kada ya fid da rai, a kai shi a duba.

'Yar uwarmu ta ƙasar Kiyawa, ga amsarki a taƙaice. Kada a kwance simintin nan. Ki duba yatsu yanzu da muna magana. In suna da ɗumi, jan yana dawowa, yana motsa su, kuma yana shan nono, to ki kwantar da hankalinki, ki kwantar da na surukarki, ki nuna mata yadda ake dubawa ita ma ta taya ki. In kin ga ɗaya daga alamomin da muka lissafa, ki sa ƙaninki ya nemo mota yau ɗin nan. A daren yau kuma a nemi maigida a waya a karɓi izinin da muka faɗa.

Nan za mu dakata, lokaci ya yi mana halinsa. Wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba, ko ta kan katanga ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya, ya kai mu mako mai zuwa.